Yadda Ake Farfaɗo da Matacciyar Fitila Mai Caji da Allon TP4056

Da wuya ka shiga gida ka rasa ta a wani lungu: fitila mai caji ko tocila da aka saya da kuɗi masu kauri, ta yi watanni tana haska tsakar gida, daga baya ta koma sai a yini ana caji ta ba da hasken minti goma ta ɗauke. Yawancin waɗanda ake kawo mini, ƙwayayen haskensu lafiyarsu ƙalau, makunni yana aiki, robar jiki ba ta fashe ba. Batir ne ya mutu, kuma abin da ya kashe shi yana nan zaune a gefensa cikin fitilar.

Idan ka kwance irin waɗannan fitilu masu araha, za ka tarar da ɗan batirin dalma mai bolt 4, sai wata kafasita (mai ɗan riƙe wuta) ja ko ruwan ƙasa, da dayod huɗu (masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai), da razista (mai rage wuta) ɗaya ko biyu. Iyakar cajar ke nan. Wutar gida take ja kai tsaye, ta rage ta, ta yi ta tura wa batir babu tsayawa. Ba ta da hanyar sanin ya cika. An kawo wuta da daddare, an jona, an kwanta. Batirin ya cika tun tsakar dare amma ana ta ɗura masa har asuba. A haka ruwan cikinsa ke ƙafewa, jikinsa ya kumbura, ya daina riƙe caji.

Gyaran da nake yi shi ne in fitar da batirin da cajar baki ɗaya, in sa batirin litiyam irin na cikin laftof, in haɗa shi da ɗan allo mai ɗauke da ayisin caji, wato ɗan baƙin guntun lantarki mai ƙafafu, mai suna TP4056. Wani kamfani ne a birnin Nanjing na ƙasar Sin ya fitar da shi, kuma babban amfaninsa shi ne ya san lokacin da zai tsaya. Bayan aikin, fitilar za ta koma shan caji da cajar waya.

Kayan da za ka tanada

Allon TP4056 mai kariya. Iri biyu ne a kasuwa, kuma a nan mutane ke fara kuskure. Akwai mai ayisi ɗaya kacal, akwai mai uku. Mai ukun kake so. Za ka gane shi da bakuna huɗu a ƙarshensa: OUT+, B+, B− da OUT−. Ƙananan ayisi biyun da aka ƙara, DW01A da 8205A, su ne masu yanke wuta idan batir ya yi ƙasa ƙwarai ko wayoyi suka haɗe. Masu sayar da kayan gyaran waya da rediyo, irin na Farm Centre ko Sabon Gari a Kano, nan ake neman sa. Ka sayi biyu ko uku, don mai koyo ba ya rasa ƙona ɗaya.

Batirin litiyam 18650 guda ɗaya ko biyu. Sunan ma awon jikinsa ne: kauri milimita 18, tsawo milimita 65.

Mita mai auna bolt da razista. Wannan ba ta da madadi. Idan ba ka da ita, ka ara, ko ka dakata da aikin.

Ƙarfen narka dalma mai siririn baki, da dalma, da man dalma.

Waya ja da baƙa masu laushi, sukundireba, filaya mai yanka, baƙin tef, da gam mai narkewa.

Razista mai 2.2k guda ɗaya (da om ake auna girman razista, k kuma na nufin om dubu). Za ka ga dalilinta a mataki na 4.

Gidan batir na roba mai sifirin, idan ya samu.

Kwano ko tsohon gwangwani da yashi a ciki, a ajiye kusa da hannu.

Mataki na 1: Kwance fitilar ka fitar da tsohuwar caja

Tabbatar ba ta jone da wuta. Kwance ta, ka duba jikin batirin. Idan an rubuta 4V, aikinmu ya yi daidai, domin batirin litiyam idan ya cika yana kan bolt 4.2, kusan inda na dalma yake kaiwa, saboda haka ƙwayayen hasken ba za su ji wani bambanci ba. Idan ka ga 6V, irin na manyan fitilu da fanka mai caji, wannan wani aiki ne daban. Na taɓa shi a ƙasa.

Kafin ka kai yatsa, nemi kafasitar nan mai rubutu irin 105J 400V. Takan riƙe wuta ko bayan an zare fitila daga soket, kuma tana fizga. Riƙe sukundireba ta wajen robarsa, ka haɗa ƙafafun kafasitar biyu da bakin ƙarfen. Wani lokaci za ka ji ƙyas.

Yanzu bi wayoyin da ido. Biyu sun fito daga ƙarafan da ake sokawa a soket sun shiga cajar. Biyu sun fito daga batir, ɗaya ta tafi makunni, ɗaya ta tafi ƙwayayen haske. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka yanke komai. Sai ka cire batirin, ka cire kafasita da dayod ɗin nan huɗu. Razistar da ke tsakanin makunni da ƙwayaye kuwa ka bar ta, ita ce ke hana su ƙonewa.

Ƙarafan soket ɗin nan ka yanke wayoyinsu tun daga tushe, in da hali ka zare su gaba ɗaya. Kada ka ce ai za ka gaya wa mutanen gida. Wata rana yaro ko baƙo zai soka ta a bango kamar yadda ya saba gani, kuma idan akwai sauran waya da ta taɓa sabon haɗin, wutar bolt 230 ce za ta shiga batirin litiyam.

Tsohon batirin kada a bar wa yara su fasa, kada kuma a jefa a murhu. Dalma guba ce. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Ƙulle shi a leda ka ba masu sayen tsofaffin ƙarafa da batura. Kai ma ka wanke hannu da sabulu bayan aiki da dalma, kafin ka ci wani abu.

Mataki na 2: Samo batir ka tantance shi

A nan nake so ka fi ɓata lokaci, don duk kyan allo ba ya gyara mugun batir.

Sababbin 18650 da za ka gani an rubuta musu 8800mAh ko 9900mAh, wato yawan cajin da suke riƙewa, ka wuce su. Na gaskiya mafi girma a wannan awo bai kai rabin wannan adadi ba. Na taɓa sayen guda huɗu masu irin wannan babban rubutu, ko awa ɗaya ba su riƙe fitila ba. Hannu ma yana gane su: na kirki yana da nauyin giram 45 ko kusa da haka, na jabu kuwa sakayau yake kamar ba komai a ciki.

Ni na fi yarda da na cikin tsohon batirin laftof, irin dogon nan da ake zarewa ta baya. Galibi guda shida ne a ciki, kuma idan laftof ta ƙi shi, sau da yawa biyu ne suka lalace, sauran da ransu. Masu gyaran kwamfuta sukan tara su.

Cire zobe da agogo. Ɓamɓare robar a hankali daga gefe, kada ka soka wuƙa ciki. Za ka ga baturan a haɗe da siraran falle na ƙarfe. Yanke su ɗaya bayan ɗaya, kada bakin filaya ya taɓa wurare biyu lokaci guda. Wajen yankan ka bar wa kowane batir ɗan guntun fallen a kai da gindi, kamar tsawon farce. Wannan guntun zai cece ka daga ɗora ƙarfe mai zafi a jikin batir.

Auna kowanne da mita. Wanda ya nuna bolt 3 ko sama, mai kyau ne a gwada. Tsakanin 2.5 da 3, a gwada ana sa ido. Wanda ya yi ƙasa da 2, ka yar da shi, ko da wani ya ce zai tayar maka da shi. Batirin da ya daɗe a ƙasa haka, jan ƙarfen cikinsa kan narke ya sake daskarewa inda bai dace ba, sai ya zama yana iya haɗewa ta ciki a kowane lokaci. Haka nan mai lanƙwasa, mai tsatsa, mai wani ɗan wari mai zaƙi, duk a cire su.

Duba rigar robar da ke jikinsa. Duk gwangwanin batirin bakin − ne, ɗan tsakiyar kan kawai shi ne +, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai faɗin tsinken ashana biyu ba. Idan rigar ta yage kusa da kai, naɗe wurin da baƙin tef kafin ka ci gaba.

Gwaji na ƙarshe haƙuri yake so. Bayan ka yi masa caji ya cika, ajiye shi mako ɗaya ba ka haɗa shi da komai ba. Idan ka dawo ka same shi a 4.1 ko sama, batir ne. Idan ya sauko wajen 3.9 da kansa, yana yoyo ta ciki, bai dace a rufe shi cikin fitilar da za a kai ɗakin kwana ba.

Mataki na 3: Fahimci abin da allon ke yi

Ka lura da yadda mai ga-ruwa ke cika jarka: ya saki tiyo da ƙarfi, in ruwa ya kusa baki ya rage, in ya kai ya janye. Haka TP4056 ke yi, hawa uku. Idan batir yana ƙasa da bolt 2.9, sai ya riƙa ba shi wuta kaɗan, wajen kashi ɗaya cikin goma na cikakken ƙarfi, har ya farfaɗo. Daga nan ya saki cikakken ƙarfin da aka saita masa har batir ya kai 4.2. Sai ya tsaya a 4.2 ɗin, wutar da ke shiga tana raguwa da kanta, in ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma ya yanke. Ba zai sake farawa ba sai batirin ya sauko wajen 4.05.

Ƙananan fitilu biyu na jikin allo su ke ba ka labari: ja na nufin ana caji, shuɗi ya cika. A wasu allunan kore ne maimakon shuɗi.

Babban ayisin yana da ƙafafu takwas. Ɗigon da ke kusurwarsa shi ne alamar ƙafa ta 1. Ta 2 da ke biye da ita ita ce mai saita ƙarfin caji, kuma ita kaɗai za mu taɓa.

Mataki na 4: Rage ƙarfin caji

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, ni kuwa ba na tsallake shi, musamman a ƙasarmu.

Daga kamfani allon yana zuwa a saite kan 1000mA, wato ƙarfin wutar da yake tura wa batir. Wata 'yar ƙaramar razista ce ke yanke wannan hukunci, wadda aka rubuta wa 122, wato 1.2k, a mafi yawan alluna kuma an sa mata alamar R3. Lissafin mai sauƙi ne: raba 1200 da girman razistar. 1.2k na ba da 1000mA, 2.2k na ba da wajen 545mA, 4.7k wajen 255mA.

Me ya sa za a rage? Dalili na farko batir ne. Tsohon batirin laftof da ƙila saura 1500mAh ko 1800mAh a cikinsa, ya fi daɗewa idan ana ba shi kamar rabin wannan adadi. Idan kuma ƙaramin batir ne mai 500mAh za ka sa a 'yar tocila, 1000mA ya yi masa mugun yawa, sai ka nemi 4.7k.

Dalili na biyu zafi ne. TP4056 ba ya juya rarar wuta zuwa wani amfani, ƙona ta yake yi a jikinsa. Caja na kawo bolt 5, batir yana kan 3.3, bambancin 1.7 ke nan. A 1000mA, wat 1.7 na zafi ne a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Gaskiya ayisin yana rage wuta da kansa idan ya ɗau zafi sosai, don kada ya ƙone. Amma kansa yake karewa. Batirin da ke manne da shi cikin rufaffiyar roba, shi ke shan wannan zafin. Ƙa'idar batirin litiyam kada a yi masa caji sama da digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, iskar waje kaɗai tana haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka. Ayisin yana da ƙafar da aka tanada don jin zafin batir, ƙafa ta 1, amma a waɗannan alluna na kasuwa an kashe ta. Ba wanda ke lura da zafin batirin sai kai.

Ga yadda ake canzawa. Ɗiga ɗan man dalma a kan R3. Ɗora bakin ƙarfe ya taɓa gefenta biyu lokaci ɗaya, in dalmar ta narke ka ture ta gefe. Idan kana da irinta ƙarama mai rubutun 222, daga tsohon allon rediyo ko caja, ɗora ta a wurin. Idan babu, razista mai ƙafafu ta wadatar, mai 2.2k ita ce mai zobe ja uku a jere. Gajarta ƙafafunta, ka like ɗaya a gurbin da ke zuwa ƙafa ta 2, ɗayar a IN−, wato bakin − na inda wutar caja ke shigowa allon. Auna ta da mita kafin ka like, don launi kan ruɗi ido a hasken fitila.

Idan hannunka bai faɗa ba tukuna har kana tsoron taɓa ƙaramin abu haka, akwai mafita: haɗa batura biyu gefe da gefe, + da +, − da −, sai 1000mA ɗin ya rabu musu. Sharaɗi shi ne su zama iri ɗaya, kuma bolt ɗinsu ya yi daidai kafin ka haɗa, bambanci kada ya kai 0.1. Idan ɗaya cike ɗaya fanko, cikakken zai afka wa ɗan'uwansa da wutar da babu mai tare ta. Sai dai ka sani wannan dabara ta sauƙaƙa wa batir ne kawai, allon zai ci gaba da zafi, don haka ka nisanta shi da baturan.

Mataki na 5: Gwada allon a kan tebur

Kada ka saka komai cikin fitila tukuna. Jona allon da cajar waya babu batir. Shuɗiyar fitila za ta kama, jar tana iya ɗan ƙyaftawa. Wannan daidai ne.

Idan allonka mai bakin USB-C ne kuma bai kama ba sam, kada ka yi saurin cewa ya mutu. Wasu allunan ba a sa musu razistocin 5.1k da sababbin caja ke nema kafin su saki wuta ba. Canza igiya zuwa mai faffaɗan kai a gefe ɗaya, irin ta da, za ka ga ya tashi.

Zare caja. Like jar waya a B+, baƙa a B−. Yanzu tsaya ka auna batirin da mita, ka tabbatar da wane gefe ne +, ko da kana ganin ka sani. Juya batir shi ne kuskuren da ya fi kashe wannan allo, kuma kariyar DW01A ba ta hana shi. Daƙiƙa ɗaya ta isa: hayaƙi ya tashi, ayisi ya tafi. Mafi muni, wani lokaci allon ba ya nuna ya mutu, sai ya riƙa zuba bolt 5 kai tsaye cikin batir. Duk allon da aka taɓa juya wa batir, ni ba na sake amfani da shi.

Gidan batir mai sifirin ya fi komai sauƙi. Idan babu, like wayar a guntun fallen da ka bari, can ƙarshensa. Idan shi ma babu, dole sai jikin batir, to goge wurin da takardar yashi, sa man dalma, yi amfani da ƙarfe mai zafi sosai, ka taɓa ka ɗaga cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ƙarfe mai sanyi-sanyi da ake dannawa ana jira shi ke dafa cikin batir.

Mataki na 6: Cajin farko, kana zaune a wurin

Ɗora batirin a kan siminti ko tayil, nesa da katifa da labule, kwanon yashi a gefe. Jona caja. Ja ta kama.

Ga wata dabara da ke nuna maka abin da ke gudana ba tare da ka yanke waya ba: sa baƙin tsinken mita a IN−, jan a ƙafa ta 2. Idan ka ga bolt 1, allon yana ba da cikakken ƙarfin da ka saita. Idan batir ya kusa cika za ka ga adadin yana sauka, in ya kai wajen 0.1 caji ya ƙare. Idan tun farko bai kai 1 ba alhali batir fanko ne, ko dai igiyar caja siririya ce tana cinye wuta a hanya, ko ayisin ya yi zafi ya ja baya. Ka kula tsinken kada ya zame ya haɗa ƙafafu biyu.

Kowane minti goma sha biyar taɓa batirin da bayan yatsa. Allo ya yi zafi ba laifi. Batir kuwa ɗumi kaɗan ne iyakarsa. Idan ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, zare caja, ɗauke shi da filaya ka tura cikin yashi, ka fitar waje. Hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne.

Batir mai 2000mAh a 545mA zai ci awa huɗu ko fiye kaɗan. Da shuɗi ya kama, auna. Abin da ake so tsakanin 4.14 da 4.26, iyakar da masu ayisin suka ba shi ke nan. Bayan ɗan hutu ya kan sauko kaɗan, wannan ba komai. Idan ka ga yana neman 4.3, allon ba shi da kyau, ɗauko wani. Akwai kwaikwayo da yawa a kasuwa masu lamba 4056, wasu suna aiki lafiya, wasu ba sa yi, mita ce kaɗai ke raba gardama.

Mataki na 7: Haɗa shi da fitilar

OUT+ ya tafi makunni, inda jar wayar tsohon batir take. OUT− ya tafi inda baƙar take. Kada ka ɗauki wutar fitila daga B+ da B−. In ka yi haka ka zagaye kariyar, ka koma kamar mai allo marar kariya.

Idan ka kunna ba ta kama ba, kuma mita ta nuna sifili a OUT, jona caja na daƙiƙa biyu ka zare. DW01A kan kulle kansa lokacin da aka fara haɗa batir, caja ce ke buɗe shi.

Idan razistar ƙwayaye ta ƙone ko babu ita, kada ka haɗa kai tsaye. Farar ƙwaya tana son wajen bolt 3.2, cikakken batir 4.2, rarar bolt 1 ke nan. Ga fitilar da ke jan 300mA, razista mai om 3.3 da wat 1 ta yi. Da irin wannan ja, batir mai 2000mAh zai kai ka wajen awa shida.

DW01A yana yanke wuta ne a wajen bolt 2.4, wanda ya yi ƙasa da yadda batir ke so. Kariyar ƙarshe ce, kada a mai da ita al'ada. Da haske ya dusashe a kai ta caji.

Mataki na 8: Kada a kunna ta tana caji

Ka tuna allon yana gane batir ya cika ne idan wutar da ke fita daga gare shi ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Idan fitila na kunne tana jan nata, adadin ba zai taɓa sauka ba. Ja ba za ta juya shuɗi ba, batir zai zauna a 4.2 ana danna shi awa da awanni. Ka ga mun koma gidan jiya, ciwon da ya kashe batirin farko.

Mafi sauƙin magani a kashe fitila yayin caji. Wanda hannunsa ya ƙware zai iya ƙara abu uku: tiransista AO3401, dayod SS14 ko 1N5819, da razista 100k. Dayod ɗin ya ɗauko wuta daga IN+ zuwa fitila, tiransistar ta zauna tsakanin OUT+ da fitila, ƙafarta mai ba da umarni a haɗe da IN+, razistar kuma daga wannan ƙafa zuwa IN−. Da an jona caja, tiransista ta raba batir da fitila, fitilar ta ci daga caja, batir ya yi cajinsa shi kaɗai. Sai dai a lokacin ƙwayaye za su ga wajen bolt 4.6, don haka a ɗan ƙara girman razistarsu.

Mataki na 9: Rufewa

Huda robar fitila daidai bakin caja. Gurbin da ƙarafan soket suka bari yakan yi daidai. Kafa allon da gam ta gefe da gefe, ka sa da yawa a bayan bakin caja don nan ke shan turi, amma kada ka zuba a kan ayisin, yana buƙatar iska. Batir ya zauna can nesa da allo, a ɗaure yadda ba zai yi girgiza ba. Ƙara wata 'yar huda daidai ƙananan fitilun, ka cike ta da gam, haskensu zai riƙa fitowa. Duba kada sukurun rufewa ya bi ta kan waya ko ya doshi batir.

Inda wannan allo bai dace ba

Abin da yake so bolt 5 ne, iyakar abin da yake jurewa 8. Batirin mota ko na sola mai 12 zai kashe shi nan take. Idan shi ke gare ka, sa cajar mota ta waya a tsakani, ko allon LM2596 da ka saita kan 5 da mita kafin ka haɗa. Ƙaramin faifan sola mai 6V yana iya aiki, amma da rana tsaka yakan haura 7, zafin allo ya ƙaru. Ayisin CN3065 an yi shi ne don ƙananan faifan sola.

Batura biyu a jere, kan wannan a gindin wancan, irin abin da fanka da babbar fitila ke bukata, ba aikin TP4056 ba ne. Kada kuma ka ce za ka sa wa kowanne allonsa ka ciyar da su da caja ɗaya: bakin − na allunan a haɗe yake ta cajar, batirin ƙasa zai haɗe, waya ta yi ja. TP5100 ake nema, mai iya kaiwa 8.4, tare da allon kariya na batura biyu.

Batirin da aka rubuta wa LiFePO4 ko 3.2V, wanda ake samu a wasu fitilun sola, a wajen 3.6 yake cika. TP4056 zai wuce da shi. Nasa shi ne TP5000 da aka saita kan 3.6. Idan kuma fawa bank kake son haɗawa, IP5306 ya haɗa caji da ɗaga wuta zuwa bolt 5 a ayisi ɗaya.

Kafin ka miƙa fitilar, rubuta "cajar waya kawai" da alƙalami marar gogewa kusa da hudar, ka nuna wa uwargida ko duk mai riƙe ta ma'anar ja da shuɗi, ka ce a riƙa yi mata caji a inuwa, da safe ko da dare. Idan za a yi tafiya a bar ta wata da watanni, a bar ta da rabin caji, wajen bolt 3.7 zuwa 3.8, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.